Hawan Dutse da Kaka: Darasin da Ɗaliban Kura Ke Rasawa

Tambayi ɗan sakandare a Kura ko Bunkure daga ina ruwan kanal yake zuwa, nan take zai ce maka daga Tiga. Ƙara tambayarsa yadda aka yi ruwan yake zuwa da ƙafarsa har bakin gonar babansa ba tare da inji ya turo shi ba, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne. Ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta shinkafa, alkama da tumatir, amsar tambayar kuwa sai an hau tudu ake ganinta.

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano. Tsawon bangonta ya kai kilomita 6, an kuma gina ta ne don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga nan ruwan yake bi ta tafkin Ruwan Kanya ya shiga babban kanal, ya rarrabu a ƙananan magudanai cikin ƙananan hukumomin Kura, Bunkure da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are. Kashin farko na wannan aikin ban ruwa an tsara shi a kan hekta 22,000. Sirrin abin ɗaya ne: Tiga ta fi gonakin tudu, ruwa kuwa gangare yake bi. Malami zai iya zana wannan a allo sau goma bai shiga ba. Amma yaron da ya hau duwatsun Rurum yana haki, ya tsaya a ƙololuwa ya ga tafkin a gefe guda, ƙasa kuma tana sauka sannu a hankali zuwa arewa inda garinsu yake, ya gama fahimta.

Su kansu duwatsun littafi ne. Waɗannan manyan curarrun duwatsu da suka kewaye Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, asalinsu narkakken dutse ne da ya daskare can cikin ƙasa. Ruwa da iska suka yi miliyoyin shekaru suna kwashe ƙasar da ta lulluɓe su har suka fito fili. Duba falalen dutsen da kyau, za ka ga bayansa yana ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa. Raguwar nauyin da ke danne shi a da, tare da zafin rana da sanyin dare da ke sa shi buɗewa da tsukewa, su ke jawo haka. Tsakuwar da ta marmashe ita ce ta zama yashin kogi da jigawar da ake nomawa. Can kudu kuma, a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, dutsen har kuza yake ɗauke da ita, an daɗe ana haƙarta tun zamanin Turawa.

A ganina babu lokacin da ya kai kaka dacewa da kai ɗalibai hawan waɗannan duwatsu, wato daga tsakiyar Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwan sama ya ɗauke, santsin dutse ya ragu, dam ya cika, ƙurar hunturu ba ta kai ga rufe sararin sama ba, don haka ido yana kaiwa nesa. Lokacin ne kuma manomi yake da 'yan kuɗi a hannu, ko da yake shi ne lokacin da ya fi buƙatar hannun ɗansa wajen yankan shinkafa. Kwana ɗaya a ƙarshen mako ba zai hana girbi ba.

Batun kwanan ne yake tayar wa iyaye hankali, kuma suna da gaskiya. Tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020, uban da aka ce masa ɗansa zai kwana a waje dole ya yi tambaya. Dajin Falgore, wanda Kogin Kano yake ratsawa kafin ya iso Tiga, ya cancanci ɗalibai su san shi, domin itatuwansa ne ke riƙe ƙasa kada ta zaizaye ta cike dam da laka. Amma dajin ya yi fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har sojoji suka mai da wani sashensa filin atisaye. Ban ga hujjar kwana da yaran mutane a can ba. A kwana cikin gari, a makarantar da ke da katanga, da sanin hakimi da 'yan sanda, mata a ɓangarensu tare da malamansu mata, kowa da gidan sauronsa. Amfanin kwanan shi ne a fara hawa bayan sallar asuba, da zarar gari ya waye raɓa ta ɗan bushe, a sauko kafin rana ta take.

Haɗarin da ya fi kusa ma ba na ɗan bindiga ba ne, na ruwa ne. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin kwale-kwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, ɗauke da ɗaliban Islamiyya masu zuwa taron Maulidi, aka rasa rayuka fiye da ashirin, akasarinsu yara. Lodi ya yi wa jirgin yawa. Duk malamin da zai kai ɗalibai bakin Tiga ya riƙe wannan a ransa: babu shiga jirgi ba rigar ruwa, babu wanka. Yaran kanal suna ganin sun iya iyo, amma zurfin dam daban yake, ga kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ke kwance.

A kan dutse kuma, kaka lokacin macizai ne, ciyawa ta yi tsawo, kububuwa da kasa suna fakewa a gindin duwatsu. A sa takalmi rufaffe, ba silifa ba. Kada yaro ya zura hannu a kogon da bai ga cikinsa ba, ƙudan zuma ma a irin wurin suke zama. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure tamau. A kwantar da shi, a hana gaɓar motsi, a nufi asibiti. Saboda haka mota ta kasance a gindin dutse da direbanta, malami ɗaya a gaba, ɗaya a baya, a ƙirga yara kafin hawa, a sake ƙirgawa bayan sauka.

Kuɗin ba su taka kara sun karya ba: hayar mota, abincin kwana guda, ruwan sha da akwatin magani. Ƙungiyar iyaye da malamai za ta iya, ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan kanal su ma ya kamata su sa hannu. Waɗannan yaran ne gobe za su gaji yashe magudanai, yaƙi da ciyawar kacalla da rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙarshen kanal. Shugaban makarantar da ke son ɗalibansa su je bana ya rubuta wa hukumar kogunan takardar neman izinin shiga dam tun farkon zango, ya kuma je da kansa ya hau dutsen kafin ya ɗauki ɗan kowa.