Damin Amo na Maina da Tsanin Kiɗan Goge

Manufar wannan takarda ita ce mu bayyana dangantakar da ke tsakanin faɗaɗɗen damin amo na maina, wanda makaɗan jaz na Amurka ke ji da shi, da tsanin amo biyar wanda goge da gurmi suka fi hawa a Illela da Birnin Ƙonni. Abin da muke nufi da dami shi ne amo uku ko fiye da aka kaɗa a lokaci guda. Za mu kira amo da haruffa kamar yadda aka saba a Nijeriya, ko da yake da zarar an ƙetare iyaka, D ta zama re, F ta zama fa, bisa al'adar Faransa.

Tushen damin maina amo uku ne: D, F, A. Tazarar D da F rabin taki uku ce, ita ce kuma ke ba shi sanyin nan da kunne ke ji. Idan aka ɗora C, an sami na bakwai. E, na tara. G, na goma sha ɗaya. B, na goma sha uku. Wannan ɗori shi ne faɗaɗawa.

Na goma sha ɗaya ne ya fi jan hankalinmu. A damin manjo, inda na uku ya ɗaga da rabin taki, G tana gogayya da shi, har kunne ya ƙi ta. A maina kuwa cikakken taki ne tsakanin F da G, sai ta zauna daram. To, a tara D, F, G, A, C, a ajiye E gefe guda. Abin da ya rage shi ne tsanin amo biyar marar rabin taki. Waɗannan biyar ɗin ne Bill Evans ya jera a matsayin D, G, C, F, A cikin "So What", a faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue na 1959. Wato abin da mai goge ke jerowa ɗaya bayan ɗaya a kan tsirkiya guda, shi mai fiyano ya ɗaure da yatsu biyar. Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999, ya danganta asalin kiɗan bulus da yankin Sudan ta Yamma da ta Tsakiya, har da ƙasar Hausa.

Sai dai a yi hattara. Kiɗan Hausa na gargajiya bai san dami ba. 'Yan amshi murya ɗaya suke bi, kuma mai goge yana zamiya tsakanin amo da amo, inda fiyano ba ta da maɓalli.

Duk da haka, muna ganin akwai gyara ga masu fiyano da ke raka mawaƙan biki a yau. Da yawansu damin manjo uku suka riƙe, su suke shimfiɗa wa kowace waƙa, ko ta dace ko ba ta dace ba, har mawaƙi ya karkatar da karin waƙarsa don ya bi na'ura. Da za su kafa hannun hagu a kan D da A, dama ta riƙe C, F, G, da duk amon da mawaƙi ya taka ya tarar da shi cikin damin.