Tsofaffin motoci: Abin nishaɗi a Ingila, abin neman tuwo a Parakou da Djougou

A ƙasar Ingila akwai wasu mutane da idan ranar Asabar ta zagayo, maimakon su tafi kallon ƙwallo, sai su sa tsofaffin tufafi su shige gareji, su kwanta a ƙarƙashin wata mota da ta girmi 'ya'yansu, su wuni suna kwancewa suna ɗaurewa. Galibinsu ba kanikawa ba ne. A cikinsu akwai likita, akwai malamin makaranta, akwai ɗan fansho. Abin da ya haɗa su shi ne son wasu ƙananan motoci masu kujera biyu da ake iya naɗe rufinsu, waɗanda ƙasar ta yi suna wajen ƙerawa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, irin su MG da Triumph da Austin-Healey da kuma Jaguar.

Wadda ta fi yawa a hannun irin waɗannan mutane ita ce MGB. An fara ƙera ta a garin Abingdon a shekarar 1962, aka ci gaba har zuwa watan Oktoba na 1980 da aka rufe masana'antar, bayan an fitar da fiye da guda dubu 500, waɗanda akasarinsu Amurka aka kai. Triumph Spitfire ma tsakanin 1962 da 1980 aka yi ta, ita kuwa Jaguar E-Type, wadda ake ganin ta fi su duka kyau da tsada, a 1961 ta fito. Mai karatu kada ya ruɗe da sababbin motoci masu tambarin MG da ake gani yanzu a kan titi, domin sunan ya koma hannun kamfanin SAIC na ƙasar Sin, kuma ban da tambarin babu abin da ya haɗa su da waɗancan na da.

To, abin tambaya shi ne, yaya mota mai shekara 50 ko 60 take ci gaba da tafiya a hannun wanda ba sana'arsa ba ce gyaran mota? Amsar ita ce an sauƙaƙa masa komai. Akwai ƙungiyoyin masu irin motar, kamar MG Car Club da aka kafa tun 1930, inda ake taimakon juna da shawara da kayan aiki. Akwai kamfanoni da har yanzu suke ƙera kayan gyaranta daga noti har zuwa gilashi, kai tun daga 1988 ma wani kamfani mai suna British Motor Heritage ya koma buga sabon bodin MGB sukutum da irin injinan da aka yi na asali da su. Ita ma gwamnati ta sa hannu, domin motar da ta haura shekara 40 ba a biya mata harajin hanya, kuma tun 2018 ba dole ba ne a kai ta gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. A Faransa ma akwai takardar mota ta musamman da ake ba wadda ta kai shekara 30. Wato dai a can, tsufa daraja yake ƙara wa mota.

Idan muka dawo gida, wato arewacin Jamhuriyar Benin, ba waɗannan ne motocin da mutum zai ci karo da su a hanyar Parakou zuwa Djougou ba, kuma dalilan a bayyane suke. Na farko, Faransa ce ta mallaki ƙasar har zuwa 1960, don haka motocin Faransa ne suka kafu a nan. Na biyu, tsakanin cikin MGB da ƙasa bai wuce santimita 13 ba, wanda ke nufin ramin farko da ta faɗa a hanyar burji cikin damina zai iya raba ta da salansa. Akwai kuma wata ƙaramar matsala da sai mai gyara ne zai gane girmanta: notocin tsofaffin motocin Ingila da ma'aunin inci aka yi su, alhali sifanun da ke garejojinmu na milimita ne. Sifanar da ta kusa daidai amma ba ta yi daidai ba, ita ce take cinye kan noti.

Motar Ingila guda da ta samu gindin zama a wannan yanki ita ce Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a 1948, domin ita don daji aka yi ta, bodinta na alminiyam ne da ba ya tsatsa. Ma'aikatan gandun daji da na kiwon lafiya da 'yan mishan sun daɗe suna amfani da ita kafin Toyota ta ƙwace kasuwar. A maƙwabciyarmu Nijeriya da Ingila ta mallaka kuwa, an san Morris da Austin da Bedford, kuma har gobe ana maganar tsofaffin Rolls-Royce na fadar Kano. To sai dai ko a can ɗin ma, tun da aka koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilu na 1972 tauraron motocin Ingila ya fara dusashewa.

Amma idan ana maganar riƙe tsohuwar mota da raya ta, mu a ganinmu kanikawan Parakou da Djougou ba su da abin da za su koya daga Turawan Ingila, sai dai su koyar da su. Bambancin kawai shi ne motar da suke rayawa Peugeot ce, wadda mutanenmu ke kira Fijo, kuma ba don nishaɗi suke yi ba.

Garuruwan nan biyu tun asali garuruwan hanya ne. Djougou, wanda tsofaffin fatake ke kira Zugu, babban zango ne a kan hanyar da Hausawa ke bi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, kuma har yau mahaɗa ce ta hanyoyin Natitingou da Savalou da ƙasar Togo da kuma Parakou, wanda ke da nisan kimanin kilomita 135. Shi kuwa Parakou, a nan ne layin dogo mai tsawon kilomita 438 da ya taso daga Kwatano ya tsaya tun 1936, don haka shekara da shekaru a nan aka riƙa sauke kayan Nijar daga jirgi a ɗora wa manyan motoci zuwa Malanville da Gaya. Duk garin da mota ta zama hanyar cin abincinsa, dole ya haifi kanikawa.

Peugeot 404 ta fito a 1960, ita kuma 504 a 1968. An daina ƙera 504 a Faransa a 1983, amma masana'antar PAN ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har zuwa tsakiyar shekarun 2000. Ta hanyoyi uku motar ta riƙa shigowa yankin nan: ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta kan iyakar Nijeriya wajen Nikki, sai kuma ta Hamada, domin a shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa sun mayar da abin sana'a, su sayi tsohuwar Fijo da arha a ƙasarsu, su tuƙo ta ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar ko Benin ko Togo, su hau jirgin sama su koma gida da kuɗin. Rikicin Aljeriya da tawayen Abzinawa na farkon shekarun 1990 ne suka kashe wannan hanya.

Abin da ya sa 504 ta jure ba asiri ba ne. Tana da tsawo daga ƙasa, sifirin ɗinta na da laushi da nisan tafiya, ga shi injinta an yi shi da silif da ake iya zarewa. Idan inji ya gaji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, bakanike zai sauke shi, ya zare silif da fistin da ringi ya sa wasu, inji ya dawo kamar sabo ba tare da an kai shi wata masana'anta ba. Babu kwamfuta a cikinta, kafireto ne da fulogi da kwantak, abubuwan da ake gyarawa a bakin hanya da sukudireba da ɗan sanfefa. A nan ne ma take kama da MGB, domin ita MGB ɗin ma da kafireto take aiki, guda biyu gare ta da gwanaye ke daidaitawa da kunne, su kanga ɗan tiyo a bakin kowanne suna sauraren shan iskarsa har sautin ya zo ɗaya. Duk wanda ya taɓa ganin tsohon bakanike a bayan tasha ya sunkuya a kan inji, idonsa a rufe, yana murɗa sukuru a hankali, ya san irin aikin da muke nufi.

Maƙiyin motar ne ya bambanta. A Ingila tsatsa ce, saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. A nan arewa tsatsa ba ta kai ta Kwatano ba inda iskar teku ke cin ƙarfe, amma akwai ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, akwai zafin bazara, akwai ruwan rijiya da ake ɗura wa lagireto wanda a hankali yake cin kan inji na alminiyam. Akwai man kwalba na bakin titi, wato kpayo, da sau da yawa yake zuwa da datti ko gauraye. Uwa uba akwai lodi. Motar da aka ƙera don mutum bakwai ko takwas, sai a ɗora mata fiye da haka, a ɗaure buhunan doya da masara a kan rufi har bayanta ya zauna. Duk da haka ta yi shekaru tana kai mutane kasuwar Arzèkè tana mayar da su ƙauyukansu.

Lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994, farashin kayan gyara na Faransa ya ninka a dare ɗaya. Wannan ne ya ƙara tura kanikawa ga dabara: a yanka gaskit daga kwali, a ɗinke lagireto da dalma, a sa mai walda ya ƙara wa sifirin ƙarfi, a sayi mota biyu matattu a tayar da guda. Ba duka dabarun ne abin yabo ba, dole mu faɗi gaskiya, domin birki da sitiyari ba wuraren gwada basira ba ne, kuma an yi asarar rayuka a hanyoyinmu saboda irin wannan kwaskwarima.

Yanzu waɗannan motoci suna ƙarewa a gaban idonmu. Toyota da sauran motocin gwanjo na Kwatano sun karɓe tasha, manyan bas-bas sun karɓe doguwar tafiya, babura sun karɓe cikin gari. Harkar sufurin kanta ta sha bugu a jere: Nijeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, ta rufe iyakokin gaba ɗaya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 ya sa kpayo ya yi tashin gwauron zabo, sannan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya jawo rufe gadar Malanville. Direban da ciniki ya ja baya ba ya da kuɗin sauke inji. Sai ya jingine motar a gindin mangwaro da niyyar in Allah Ya hore zai gyara, tayoyi su sace, kaji su mayar da ita akurki, daga ƙarshe 'yan gwangwan su zo da sikeli da guduma su saye ta a kilo.

Abin takaicin shi ne, a daidai wannan lokaci ne a Turai 504 ta shiga sahun motocin da ake ajiyewa don tarihi, musamman samfurinta mai ƙofa biyu da kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, wanda mai kyau a cikinsu kan yi kuɗin da ya fi na motar gwanjo ta zamani nesa ba kusa ba. Kuma ba motar kaɗai ke tafiya ba. Yaron da ya shiga koyon kanikanci yau, na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta yake son ya iya, kuma ba mu ga laifinsa ba tunda a nan abinci yake. Amma idan ubangidansa ya kwanta dama, da wuya a samu mai daidaita kafireto da kunne a unguwar.

Ga mai hali da yake sha'awar ajiye tsohuwar mota a Parakou ko Djougou, shawararmu ita ce ya bar MG da Jaguar ga masu titi mai santsi, ya nemi 504 ko 404 ko tsohuwar Land Rover tun ana samu. Ya fara duba takardu, ya tabbatar lambar da ke jikin motar ta yi daidai da ta takarda, domin da yawa an sha haɗa gaban wata da bayan wata. Ya shiga ƙarƙashinta da fitila ya duba inda aka yi walda, kada sabon fenti ya ruɗe shi. Inji ba shi ne abin tsoro ba, ana tayar da shi. Abin da ke wahalar samu shi ne ƙananan kaya irin su fitilun asali da robobin gilashi da agogunan gaban direba, waɗanda sai an bi su Panteka a Kaduna ko kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, ko kuma a riga 'yan gwangwan isa gindin mangwaro.