Allurar Nukiliya Da Ke Bin Sankarar Mafitsara Har Cikin Ƙashi

'Yan'uwa, sankarar da ta fi kama maza a Najeriya ita ce wadda muke kira sankarar mafitsara. Sunan yana ɗan ruɗarwa, domin ciwon yana farawa ne a wata 'yar tsoka mai suna furostet, wadda girmanta kamar na goro ne. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar da fitsari yake bi. Da yawa cikin iyayenmu maza ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya yi nisa, ya kai ga ƙashi. A lokacin ne iyali sukan ji labarin wata allurar nukiliya da ake yi a ƙasashen waje, sai a fara shawarar sayar da gona da neman gudummawa. Kafin a kai ga haka, ya kamata mu san mece ce wannan allura, wa take yi wa amfani, kuma iyakarta ina ne.

Yadda ciwon yake kaiwa ga ƙashi

Wannan sankara tana girma ne da taimakon sinadarin mazakuta da ake kira testostiron. A shekarar 1941 wani likita a Chicago ta Amurka, Charles Huggins, ya nuna cewa idan aka rage sinadarin, ciwon yakan lafa. Har yau wannan ne matakin farko idan ciwon ya bazu: ko a yi allurar da ke hana jiki samar da sinadarin, ko a cire 'ya'yan maraina. Amma bayan wani lokaci sankarar takan koyi girma ko da sinadarin ya ragu. A wannan mataki, kusan tara cikin goma na masu ciwon da ya bazu suna da shi a ƙashi, musamman ƙashin baya, ƙugu da haƙarƙari. Abin da ke biyo baya shi ne zogi mai hana barci, karaya ba tare da faɗuwa ba, wani lokaci kuma shanyewar ƙafafu.

An daɗe ana kashe ƙwayoyin sankara da tururin nukiliya, wato wani ƙarfi da ido ba ya gani. Hanyar da aka saba ita ce na'ura ta haska wuri guda daga wajen jiki. To, idan ciwon ya yi sansani a wurare goma ko ashirin fa? Nan ne aka yi dabarar zuba sinadarin mai tururi cikin jini, ya je da kansa ya nemi inda ciwon yake. Iri biyu ne suka fi shahara.

Radiyom-223: mai shigar burtu

Marie Curie da mijinta Pierre ne suka gano radiyom a Faris a 1898. Radiyom yana kama da kalshiyom, sinadarin da jiki ke gina ƙashi da shi. Inda sankara ta zauna a ƙashi, jiki yana ta ƙoƙarin sabon gini a wurin, yana jan kalshiyom da yawa. Idan aka yi allurar radiyom-223, sai ƙashin ya ja shi bisa zaton kalshiyom ne. Da ya zauna, sai ya riƙa harba wani tururi mai suna alfa, wanda yake da ƙarfi ƙwarai amma tafiyarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Saboda gajartar tafiyar, ɓarnar da yake yi wa ɓargo, inda ake samar da jini, tana da sauƙi.

A ƙasar Norway aka ƙirƙiro maganin, kamfanin Bayer kuma yana sayar da shi da sunan Xofigo. Ana yin allurar ta jijiya sau ɗaya a kowane mako 4, har sau 6. An gwada shi a kan maza 921 a wani bincike mai suna ALSYMPCA da aka wallafa a 2013, shekarar da Amurka ta amince da shi. Rabin waɗanda suka sami radiyom sun wuce wata 14.9 a raye. A cikin waɗanda aka yi wa allurar da babu magani a ciki, rabi sun wuce wata 11.3. Haka nan an jinkirta matsalolin ƙashi irin su karaya daga wata 9.8 zuwa 15.6.

Radiyom ƙashi kaɗai ya sani. Idan sankarar ta shiga hanta ko huhu, ba a ba da shi. An kuma gano cewa haɗa shi da ƙwayar abiraton, wadda da yawa cikin masu wannan ciwo suke sha, yana ƙara yawan karaya, shi ya sa hukumar magunguna ta Turai ta taƙaita amfani da shi a 2018.

Lutetiyom-177: mai bin tambari

Yawancin ƙwayoyin wannan sankara suna ɗauke da wani tambari a jikinsu da ake kira PSMA. Masu bincike a Heidelberg ta Jamus sun haɗa wani sinadari mai manne wa wannan tambari, aka ɗaura masa lutetiyom-177. Duk inda ƙwayar take, a ƙashi ko a hanta ko a kaluluwa, zai bi ta. Tururinsa, mai suna beta, yana tafiya kusan milimita 2.

Kamfanin Novartis yana sayar da shi da sunan Pluvicto. Ana yin sa sau ɗaya a kowane mako 6, har sau 6. Binciken VISION na 2021 ya ƙunshi maza 831 waɗanda suka riga suka sha magungunan rage sinadarin mazakuta, aka kuma yi musu kemo. Rabin waɗanda suka sami lutetiyom sun wuce wata 15.3, rabin sauran kuma wata 11.3. Amurka ta amince da shi a watan Maris na 2022. Kafin a fara, sai an ɗauki wani hoto na musamman mai suna PSMA PET, domin wanda sankararsa ba ta da tambarin ba zai amfana ba.

Abin da alƙaluman suke faɗa

Mu lura da kyau: bambancin a binciken biyu wata uku da rabi ne zuwa huɗu. Wasu sun sami fiye da haka nesa, wasu kuma ba su sami komai ba. Babu ɗaya cikin magungunan da ke warkar da ciwon. Suna ƙara kwanaki, suna rage zogi, suna jinkirta kwanciya. Ga mutumin da yake so ya ga auren 'yarsa ko ya daidaita maganar gado tsakanin 'ya'yansa, wata huɗu ba abin rainawa ba ne. Amma iyalin da za su sayar da gonar da marayu za su ci daga gare ta gobe, wajibi ne su san abin da suke saye. Duk wanda ya yi mana alkawarin warkewa gaba ɗaya, mu yi hattara da shi.

Illoli da kiyayewa a gida

Dukansu biyu suna iya rage jini, don haka ana gwajin jini kafin kowace allura. Radiyom yana fita ta bayan gida, yakan kawo zawo da tashin zuciya. Lutetiyom yana fita ta fitsari, yakan kawo bushewar baki da kasala, yana kuma buƙatar a sa ido a kan ƙoda.

Bayan allurar lutetiyom, ƙa'idar Amurka ta ce mara lafiya ya rage kusantar mutanen gida har kwana 2, yara da masu juna biyu kuma har kwana 7. Ya kwana a ɗaki dabam da yara kwana 7, da mai juna biyu kwana 15. Mai jinya ta sa safar hannu idan za ta taɓa fo ko tufafin da suka ɓaci, ta wanke su dabam. Wannan kiyayewa ta 'yan kwanaki ce, kuma sankara ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Kada mu mai da ita hujjar daina ziyara.

Me ya sa suke da wuyar samu

Ƙarfin radiyom-223 yana raguwa da rabi a kowane kwana 11.4, na lutetiyom-177 kuma cikin ƙasa da kwana 7. Ba a iya ajiye su a kantin magani. Ana shirya kowace allura ne don ranar da aka sa wa mara lafiya, a kawo ta da gaggawa zuwa asibitin da ke da sashen maganin nukiliya. Wannan na cikin dalilan tsadarsu. A nahiyarmu, asibitin Steve Biko da ke Pretoria a Afirka ta Kudu ya yi suna a wannan fanni ƙarƙashin Farfesa Mike Sathekge.

Kafin a tara kuɗi

Iyali su zauna da likitan sankara su tambaya: Ciwon a ƙashi kaɗai yake? Jinin Baba da ƙodarsa za su iya ɗauka? An gama gwada magungunan da ake samu a nan gida? Nawa ne kuɗin allurai shida duka, haɗe da hoto, tafiya da masauki? A yi wannan zama tare da mara lafiyan, domin jikinsa ne da kwanakinsa.

Wanda bai sami allurar ba, bai rasa taimako ba. Haskawa da na'ura sau ɗaya tak takan rage zogin ƙashi ga mafi yawan mutane, kuma mofin da likita ya rubuta magani ne halattacce ga mai fama da azaba. Idan ciwon baya ya zo da rashin ƙarfin ƙafafu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a kai mutum asibiti a ranar, domin jinkiri na iya sa ƙafafun su shanye har abada.

A ƙarshe, 'yan'uwa maza, wannan sankara tana warkewa sau da yawa idan an same ta tun tana cikin furostet. Duk wanda ya kai shekara 45, musamman wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ciwon, ya nemi likita su yi maganar gwajin jini na PSA tun kafin wani wuri ya fara ciwo.