2.4 Ba da Aron Na'urar Karatu a Laburare

Na'urar karatu wani ɗan allo ne marar nauyi wanda ake zuba littattafai a cikinsa, mutum ya riƙa karantawa shafi bayan shafi. Wadda ta fi shahara ita ce Kindle, wadda kamfanin Amazon na Amurka ya fitar a 2007. Ta bambanta da wayar hannu ta fuskoki biyu: ana iya ganin rubutunta ko da a tsakiyar rana, sannan caji ɗaya yakan kai ta makonni. Guda ɗaya takan ɗauki littattafai fiye da dubu.

A Afirka, ƙungiyar Worldreader, wadda aka kafa a 2010, ita ce ta fara raba irin wannan na'ura a makarantun Gana. A 2014 ta haɗa hannu da hukumar laburare ta ƙasar Kenya, inda aka sanya na'urorin a wasu laburarori domin masu karatu su yi amfani da su, daga baya aka faɗaɗa shirin zuwa sauran rassan hukumar.

Idan aka dawo gida, ba da aron littafi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun daga shekarun 1980, lokacin da littattafan soyayya na Kano suka fara yawaita, shagunan haya suka bazu a unguwanni. Littafi irin *In Da So Da Ƙauna* na Ado Ahmad Gidan Dabino (1991) ya shiga gidaje da dama ta wannan hanya. Mafi yawan masu hayar mata ne, kuma galibi ba su ke zuwa shagon ba. Yaro ake aika da kuɗi ya karɓo, in an gama ya mayar. Wato mai shago ya gane abin da laburaren gwamnati bai kula da shi ba, cewa mai karatun tana cikin gida.

Wannan batu yana da muhimmanci ga Ƙaramar Hukumar Roni da maƙwabtanta Gwiwa da Kazaure. Yankin ya fi kusa da Kano a kan Dutse, hedikwatar Jihar Jigawa tun 1991, kuma jama'arsa a warwatse suke cikin ƙauyuka. Gini ɗaya a gari ba zai isa ga matar aure da ke ƙauye ba, amma na'ura za ta iya isa, kuma ƙarancin wutar lantarki bai cika damunta ba.

Sai dai matsalar ba ta tsaya ga sayen na'urar ba. Yawancin littattafan da ake samu a kanta na Turanci ne, na Hausa ƙalilan ne, kuma haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba kowane tsarin rubutu ne yake fito da su daidai ba. Haka kuma akwai batun lamuni. Littafin haya in ya ɓata, asarar kaɗan ce. Na'ura kuwa sai an sami mai tsaya wa mai aro, kamar mai unguwa ko shugaban makarantar Islamiyya. Ga kuma wayar hannu, wadda ta riga ta shige gaba: marubuta mata da yawa suna sakin labaransu ta WhatsApp da Wattpad, mai karatu ta biya ta banki ko da katin waya a tura mata ci gaban labarin.