Asma da Tunanin Kashe Kai

A ƙauyukan Kunci, da zarar hunturu ya kama, ƙurar sussukar gero da hayaƙin kara a madafi sukan tayar wa masu asma ciwonsu. Tari da shaƙewar kowa na gani. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne halin da zuciyar mai ciwon take ciki.

Bincike a ƙasashe da dama ya nuna masu asma sun fi sauran mutane fuskantar ciwon damuwa da tunanin kashe kai. Dalilan a fili suke: rashin barci dare bayan dare, fargabar numfashi ya ɗauke, kuɗin magani, ga saurayin da ya kasa riƙe fartanya ana ce masa rago. Wannan kalmar tana yi masa ciwo ƙwarai, ya kamata mu daina ta.

Akwai kuma batun magani. A Maris 2020 hukumar FDA ta Amurka ta sa gargaɗi mafi tsanani a kan maganin asma mai suna montelukast, saboda yana iya jawo sauyin hali da tunanin kashe kai. Wanda ke shan sa ya ga haka, ya tuntuɓi likita nan take.

Idan mai asma ya keɓe kansa ko ya ce ya gaji da rayuwa, a zauna da shi a saurare shi, a kulle magungunan feshin gona, a kai shi asibiti. Asibitin Dawanau da na Malam Aminu Kano suna da likitocin ƙwaƙwalwa.