Yadda A Ke Farfaɗo Da Akwatin Murjani Da Aka Yi Wa Sakaci

Kowa ya san murjani, jan dutsen nan da mata su ke ɗaurawa a wuya da hannu. Amma ba kowa ya san halitta ce mai rai ta ke gina shi ba. Wanda a ke ado da shi, yawanci daga Bahar Rum a ke tsamo shi. Yana da 'yan'uwa da yawa a tekunan ƙasashe masu zafi, waɗanda su kan taru su gina tudu a ƙarƙashin ruwa. Akwai irin wannan tudu a Bahar Maliya, wajen gaɓar Jidda da ta Sudan, akwai kuma babban nan na arewa maso gabashin Ostareliya, wanda tsawonsa ya kai kilomita 2,300. A gaɓar Nijeriya babu shi, domin Kwara da sauran koguna suna kwararo ruwan daɗi da laka cikin teku, shi kuwa murjani ba ya shiri da ko ɗaya daga cikinsu.

An daɗe ana kiwon murjani a gida. A 1846 wata Baturiyar Ingila, Anna Thynne, ta ɗebo waɗansu daga bakin teku ta kai Landan, ta raya su cikin kwanonin gilashi har wajen shekara uku. Dabararta ita ce ta sa a riƙa sheƙa ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan, don iska ta shige shi. A 1853 aka buɗe ɗakin kifi a gidan namun daji na Landan, jama'a suka yi ta zuwa kallo. A 1961 kuma wani mutumin Jakarta, Lee Chin Eng, ya bayyana cewa in aka sa duwatsun teku masu rai cikin akwati, su da kansu su kan tsabtace ruwan. Har yau a kan wannan hanya masu kiwo su ke.

To, ƙaramin akwati, misali mai cin lita 60, ya fi babba saurin lalacewa, gama ruwa kaɗan ba ya jimre ɓarna. In aka bar shi wata uku ko huɗu ba kulawa, sai ka tarar gilashi ya yi kore, ruwa ya ja baya, murjani ya ƙanƙance. Abin da ya kamata a sani tun da fari shi ne, sau da yawa abin da sakaci bai kashe ba, gaggawar mai gyara ita ke kashe shi. Saboda haka bari mu fara duba abin da ya faru cikin ruwan, sa'an nan mu zo kan magani.

Abin Da Sakaci Ya Ke Jawowa

Na fari, gishiri. Ruwan teku yana da gishiri kimanin giram 35 cikin kowace lita. Ruwa ya kan bi iska ya tafi, amma gishiri ba ya tafiya. Ga lissafi: lita 60 tana ɗauke da giram 2,100. In lita 6 ta ƙafe, saura lita 54, gishiri kuwa yana nan yadda ya ke. Raba 2,100 gida 54, ka ga kowace lita ta koma wajen giram 39. Wannan ya isa ya wahal da murjani.

Na biyu, ƙazanta. Kashin kifi da ragowar abinci su kan ruɓe su zama amoniya, ita kuwa guba ce. Cikin ramukan duwatsu da yashi akwai waɗansu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, a kan kira su bakteriya. Waɗansunsu su kan mai da amoniya ta zama naitirait, waɗansu su mai da naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta kai su dafi ba. Amma in ba a sake ruwa, sai naitiret ta yi ta taruwa, ita da fosfet. Su biyun nan taki ne, irin wanda manomi ke zuba wa gona. Shi ya sa gansakuka ta ke tashi ta lulluɓe kome.

Na uku, haske. Cikin naman murjani akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin tsiro da su ke zaune. Su ke yin abinci da haske, kamar yadda ganye ya ke yi, su ci, su ba mai masaukinsu. In fitila ta tsufa, ko gishiri ya daskare a murfi, abinci ya ragu ke nan. In kuwa zafi ko haske ya yi yawa, sai murjani ya kori baƙin nan nasa, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Haka ya faru ga tuddan murjani masu yawa a 1998 da 2016, sa'ad da ruwan teku ya yi zafi fiye da kima.

Na huɗu, kayan gini. Murjani mai ƙashi da sinadarin alli ya ke gina jikinsa, watau kalsiyam da kabonet, daga ruwa kuma ya ke tsotsarsu. In sun ƙare ba a mayar ba, gini ya tsaya.

Ranar Fari: Awo Kawai

Ran da ka fara, kada ka kwashe kome. Kashe wutar akwatin daga soket kafin ka tsoma hannu, don ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki ƙwarai. Duba wayoyi, in gishiri ya cinye wata, sake ta. Duba ƙaron da ya haɗa kusurwoyin gilashi, in ya fara ɓamɓarewa, to sai a nemi wani akwati, gama lita 60 ta ruwa ta ɗara kilo 60 nauyi. In akwai mushe, tsame shi nan da nan.

Sa'an nan ka yi awo, ka rubuta cikin littafi. Ga abin da a ke so a kai gare shi daga baya: gishiri giram 35 a lita, watau 1.025 ko 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Zafi digiri 24 zuwa 26. Amoniya da naitirait babu ko kaɗan. Naitiret kada ta wuce kimanin miligiram 10 a lita. Kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita.

Satin Fari: Ruwa Da Famfo

Wurin da ya ƙafe, da ruwan daɗi a ke cike shi, ba da ruwan gishiri ba. Amma kada ka zuba lita 6 ɗin nan gaba ɗaya. Halittun ciki sun saba da gishirin a hankali, a hankali kuma za su rabu da shi. Zuba kamar lita ɗaya kowace rana, har ruwa ya komo bakinsa, sa'an nan ka yi alama a gilashi.

Ba kowane ruwa ya dace ba. Ruwan famfo yana da kulorin, wani yana da fosfet, wani kuma ya biyo ta bututun jan ƙarfe. Jan ƙarfe kuwa, ko ɗan ƙanƙane ne, ya kan kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi. Sai a yi aiki da ruwan da aka tace da na'ura har ba sauran kome cikinsa. Gishirin miya ma ba ya yi, domin ba shi da kalsiyam da maganiziyam da sauran abin da ke cikin teku. Akwai gishirin da a ke haɗawa musamman don wannan aiki. A dama shi cikin bokiti mai tsabta, a bar shi ya kwana, a auna gishirinsa da zafinsa su yi daidai da na akwati.

Ciro famfo ka kwance shi, ka jiƙa cikin ruwan khal har farin da ya daskare ya narke, ka ɗauraye sosai. Kada sabulu ya kusanci kome na akwatin, ko bokiti, ko hannunka.

Sati Na Biyu Zuwa Na Shida: Shara

Yanzu sai sakin ruwa, kashi ɗaya cikin goma kowane sati, watau lita 6. In naitiret ta yi yawa ƙwarai, a yi haka sau biyu a sati. Kankare gilashi da reza, amma ka kauce wa ƙaron kusurwa. Gansakuka mai kama da gashi, da hannu a ke tuge ta. Dutsen da ya yi muni, ciro shi ka goge da tsohon buroshi cikin ruwan da ka zuƙe daga akwatin, ka mayar tun bai bushe ba. In ka wanke shi da ruwan famfo, ko ka shanya shi a rana, ka kashe bakteriyan da su ke riƙe da akwatin, amoniya kuwa za ta tashi cikin 'yan kwanaki.

A nan akwai gargaɗi babba. Waɗansu murjani masu taushi, masu kama da 'yan furanni a jere bisa dutse, suna da dafi mai tsanani, ana ce da shi falitoksin. Sa safar hannu ta roba da tabarau in za ka goge dutse. Kada ka kuskura ka dafa dutse, ko ka kwara masa tafasasshen ruwa, don tururin ya sha kwantar da mutanen gida guda a asibiti.

Yashi kuma kada a birkita shi gaba ɗaya. Ƙarƙashin tsohon yashi babu iska, wani wuri ya kan yi baƙi, ya tara iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke kashe kifi. Raba ƙasan akwatin gida huɗu, ka zuƙe ƙazantar gida ɗaya da mesa kowane sati. Ka rage abinci kuma, abin da kifi za su cinye cikin minti ɗaya ko biyu ya isa.

Ƙara Kayan Aiki

Sa'ad da awo ya tsaya wuri ɗaya sati biyu ko uku a jere, lokacin ƙari ya yi. Amma abu ɗaya a ke sakewa, a jira sati guda, don in wani abu ya ɓaci a san mafarinsa.

Fara da motsin ruwa. Murjani ba ya tafiya, ruwa ke kawo masa abinci ya kwashe masa ƙazanta. A nemi famfon da zai juya ruwan akwatin a ƙalla sau goma cikin awa guda, watau lita 600, a sa shi ya riƙa kaɗa saman ruwa. Bayan wannan sai fitila. Fitilun LED ba su cin wuta da yawa, ba su kuma dafa ruwa, amma murjanin da ya daɗe cikin duhu-duhu ba ya iya ɗaukar haskensu farat ɗaya. Fara da rabin ƙarfinta ko ƙasa da haka, ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan har wata guda, awa takwas zuwa goma a yini. Akwai kuma na'urar kumfa, wadda ke tattara ƙazanta cikin ɗan kofi tun ba ta ruɓe ba. Tana da amfani, ko da ya ke ƙaramin akwati ya kan zauna lafiya ba ita, muddin ana sake ruwa.

A ƙasa mai zafi kamar tamu, abu biyu sun fi waɗannan duka. Ɗaya 'yar fanka ce mai busa saman ruwa, ta kan rage zafi digiri ɗaya ko biyu, sai dai ruwa zai fi saurin ƙafewa, dole a riƙa cikowa kullum. Ɗayan kuwa famfon iska ne mai aiki da batir, domin in wuta ta ɗauke ruwa ya tsaya cik, iskar numfashi ta kan ƙare cikin 'yan awoyi.

Sabbin Baƙi

Daga ƙarshe a ke sa sabbin halittu. A fara da dodon koɗi na teku huɗu ko biyar, su yi kiwon gansakuka. Sa'an nan murjani mai taushi, wanda ya fi mai ƙashi haƙuri. Ƙananan kifi biyu sun ishi lita 60. A nemi murjanin da aka raya a gonar ruwa, kada a sayi wanda aka fasa daga teku. Murjani mai ƙashi yana cikin halittun da yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta hana a ƙetare ƙasa da su ba takardar izini.

Aikin nan duka ya kan ci wata biyu ko uku. Bayan haka abin da ya rage kaɗan ne: kowace safiya a duba zafi a cika ruwa zuwa alama, kowane sati a sake lita 6 a rubuta awo, kowane wata a wanke famfo. In za a tafi hutu, a danƙa littafin awo da jarkar ruwa hannun mutum guda, a nuna masa alamar da ke jikin gilashi. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana.