Ƙashi Ba Gora Ba Ne

A jikin babban mutum akwai ƙasusuwa 206. Su ke riƙe da mu, kamar yadda tsaiko ke riƙe jinka.

In mun sayi naman akuya a kasuwar Gwaram, mu duba ƙashin bayan mun ci. Ba sumul yake kamar gora ba. Akwai tudu, da kwari, da 'yan huji. Namu ma haka yake. A tudun tsoka ke kamawa ta ja gaɓa. Ta hujin kuwa jini ke shiga, gama ƙashi rayayye ne.

To, kowa ya lalubi gwiwar hannunsa ta wajen ciki. Ga ɗan tudu, bayansa kwari, jijiya tana kwance ciki. In muka buge ta, sai ƙaramin yatsa ya yi zir! Ta gaban gwiwar kuma babbar hanyar jini ta bi.

Daidai nan yaranmu sukan karye in sun faɗo daga mangwaro. Idan maɗori ya matse ɗauri, jini sai ya tsaya, hannu ya shanye, wani ma sai an yanke shi. In yatsu suka kumbura, ko suka yi sanyi, ko yaro ya kasa motsa su, mu sassauta ɗaurin, mu kai shi asibitin Birnin Kudu. Kada mu bari a kwana.